Mai Sunan Mahaifin Dakta

Na isa Riyadh a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, ina bazawara mai shekara talatin da 'yan kai. Mijina ya rasu, na fita takaba, zaman gida da gaisuwar tausayi suka ishe ni, sai yayana da ke aikin injiniya a can ya samo mini gurbin aikin jinya a wani asibiti, a ɗakin jarirai sababbin haihuwa. Gidansa na sauka a unguwar Nasiriya, tare da matarsa da 'ya'yansa masu faɗa da juna da Larabci. Motar asibiti ce ke kai ni da safe ta dawo da ni da yamma. Ban da wannan ba na taka ko'ina sai Yaya ya ga dama, don a garin mace ba ta tuƙi, shi kuma Yaya mutum ne mai son a roƙe shi.

Fita ɗaya ce ba ya bari ta wuce shi, ita ce zaman ranar Alhamis a gidan Dakta. Alhamis da Juma'a ne hutun mako a can, saboda haka bayan la'asar 'yan Najeriya masu albashi sukan taru, maza a falo, mu mata a ɗakin ciki da kicin muna tuƙa tuwon shinkafa, muna kaɗa kukar da wani ya ɗauro a akwati daga gida. Labule ne kawai mai kauri tsakaninmu da falon. Ba ma ganin kowa amma muna jin komai, kuma abin da muka fi ji shi ne muryar maigidan.

Dakta nake kiransa domin haka kowa ke kiransa, har matarsa. Likitan fiɗa ne a asibitinmu, kuma in za a faɗi gaskiya hannunsa na da kyau a aiki. Ya yi karatu a Ingila, bai kuma yarda wani mahaluki ya manta da hakan ba ko na yini ɗaya. Da ya zo Saudiyya sai ya ajiye babbar riga ya koma farar jallabiya da jan rawanin nan na Larabawa, yana ta gyara shi a kafaɗa kamar amarya da sabon mayafi. In zai yi magana sai ya ɗauko ta da Hausa, ya bi da ita ta Turanci, ya sauke ta da Larabci, sannan ya yi shiru yana jiran a ce masha Allah. Akan ce kuwa, tunda tuwonsa ake ci.

Akwai wani tsohon littafin Turawa na ban tsoro da Dakta ya riƙa tamkar shi ya rubuta shi. Labarin wani ɗalibin ilimi ne da ya tattara gaɓoɓin matattu ya ɗinke su, ya yi 'yan dabarunsa har abin ya motsa ya buɗe ido. Da ya ga munin abin da hannunsa ya yi sai ya ranta a na kare, ya bar halittar tana gararamba a duniya, ba uwa ba uba, duk inda ta leƙa a kore ta da jifa. Ustazan zaman sukan ce ai laifin mutumin a fili yake, ya yi shisshigi cikin aikin Allah. Dakta sai ya yi musu dariyar manya, ya ce ba su fahimci littafin ba. Wannan laifi ne, amma babban laifin shi ne gudun. Duk wanda ya yi sanadin zuwan wani rai, in ji shi, ya ɗauki amana, ba shi da ikon juya baya don abin bai yi masa kyan gani ba. Ya iya faɗin wannan magana ƙwarai. Ni da nake wuni cikin jarirai, wasu ma iyayensu sun sulale sun bar mana su, har ƙwalla na taɓa yi a bayan labule, kuma har yau in na tuna ina jin haushin asarar ƙwallata.

A ɗakin ɗaukar hoton ƙashi na asibitin akwai wani ma'aikaci ɗan Najeriya, mutumin kan duwatsun tsakiyar ƙasa, dogo, baƙi, marar yawan magana, Hausarsa tsaf da ɗan karin harshensu. Kirista ne a lokacin. Yana zaune a unguwar Batha, a wani gida da suka kama tare da 'yan'uwansa Kiristoci, wasu 'yan gida wasu 'yan Ghana. Ya kwashe shekaru yana miƙa wa Dakta hotunan marasa lafiya, Dakta na karɓa ba tare da ya ɗaga kai ba. Sai wata rana ya tsaya bayan ya miƙa, ya ce yana da tambaya a kan salla. Ya daɗe yana juya abin shi kaɗai, ya karanta abin da ya karanta, zuciyarsa ta riga ta gama yanke shawara. Abin da ya rage masa kawai wanda zai riƙe masa hannu, tsautsayi ya sa ya miƙa wa Dakta.

Dakta ya yi caraf ya kama. Shi ya kai shi gaban alƙali ya karɓi kalmar shahada, shi ya bi har aka sauya masa iƙama, wato takardar zama, daga ta waɗanda ba Musulmi ba zuwa irin tamu. Alhamis ɗin da ta biyo baya rago aka yanka. Ina ji Dakta ya miƙe a falo yana cewa daga yau wannan bawan Allah ɗansa ne duniya da lahira, kuma ya ba shi sunan mahaifinsa marigayi, sunan da ya fi kowane suna tsada a wurinsa. Falo ya ɗauki kabbara. To da yake Bahaushe ba ya kama sunan ubansa, Dakta bai faɗi sunan da bakinsa ba, wani dattijo ne ya faɗa a madadinsa. Daga ranar shi yana kiransa Baba, sauran jama'a suna kiransa Baban Dakta. Ga shi ɗa, ga shi uba, duk a mutum ɗaya. Mu dai a kicin muka ce Allah ya sanya alheri, muka ci nama.

Wata da watanni Dakta ba ya fita sai da shi. Ya ɗinka masa jallabiya irin tasa, ya kai shi Umra, ya kai shi walima a unguwar ofisoshin jakadanci, ya kai shi ofishin shugaban asibiti, Balaraben da bai taɓa sanin da zamansa ba. Duk inda suka je sai a tsayar da shi a ce ya ba da labarin yadda ya ga haske. In ya faɗa a taƙaice, yadda halinsa yake, sai Dakta ya karɓe ya ƙarasa masa, kuma a kowace ƙarasawa rabon Dakta a labarin ƙaruwa yake yi. Kafin shekara ta zagayo labarin ya zama Dakta ne ya hango shi, ya yi ta fama da shi da hujjoji har ya sallama.

Abin da ba a faɗa a walima shi ne abin da mutumin ya rasa. Abokan zamansa na Batha sukan rufe ƙofa ranar Juma'a su yi addu'arsu ƙasa-ƙasa, domin a garin in aka kama su kora ce, in ma an tsaya nan. Da ya musulunta sai tsoro ya kama su. Ba su zage shi ba, ba su yi masa gori ba, sai dai in ya shigo a yi tsit, har wata rana babbansu ya roƙe shi don girman Allah ya nemi wani wurin. Ni ban ga laifinsu ba. Ya koma wani ɗaki a saman bene kusa da tankin ruwa, inda rana ke dafa mutum. A gida kuma mahaifinsa ya aiko cewa kada ya sake taka masa ƙofa, yarinyar da aka yi masa alkawari aka ba wani. Duk wannan ya shanye, yana cewa ai ya sami wasu dangin.

Dangin nan kuwa mu ne, kuma ubanmu a wannan harka mutum ne mai saurin ƙoshi. Da labarin ya tsufa, kowa ya ji shi har ya gundura, sai Dakta ya koma hirar ginin da yake yi a Kano da sabuwar motarsa. Baban Dakta ya ci gaba da zuwa zaman Alhamis a motar haya tun daga Batha, ya zauna bakin ƙofa wajen takalma. Maza na hirar garuruwansu, wane ɗan wane ne, wane ya auri 'yar wane, shi kuwa ba shi da wane. In ya tashi sai ka ji an ce tubabben nan akwai haƙuri. Da azumi a masallacin Batha yake shan ruwa cikin 'yan Pakistan da 'yan Yaman. Rannan ya zo gaisuwa ba ranar zama ba, ina gidan na je duba matar Dakta, da kunnena na ji maigidan yana ce mata daga kan kujera, ki ce masa ina barci.

Ni aiki ne ya haɗa mu. Nakan tura jarirai ɗakinsa a ɗauki hoton ƙirjinsu, a nan na lura da shi. Kafin ya taɓa jariri sai ya murza tafukansa su yi ɗumi, don ɗakin sanyi gare shi kamar firji. Gaisuwa ta zama 'yar hira, a tsaye, ƙofa a buɗe. Wata rana na ga littafin nan na Dakta a kan teburinsa, ashe ya ba shi aro tun zamanin ana ɗasawa, wai ya karanta ya ƙaru. Na tambaye shi yadda ya gan shi. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai, mutumin ko suna bai sa wa abin da ya yi ba.

"Ni kin ga an ba ni suna, Sista," in ji shi. "Sunan uba ma. Na fi shi gata."

Da gaske yake faɗa, ba ba'a ba. Na tura keken jaririna na fita. Tausayi ne ya fara, ba na musu, amma bai tsaya a tausayi ba. Na so shi, kuma na kai shekarun da ba na jin kunyar sanin abin da nake so.

Da ya furta cewa yana sona da aure, na ce ya je ya ga Yaya. Yaya bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce shi ba ya ba da aure ga mutum a tsaye shi kaɗai, ba haka ake yi ba, manyansa su zo su nema masa. Da a gida ne, baffa ko kawu ne zai zo da goro. Shi kuwa duk faɗin Riyadh babba ɗaya gare shi, wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce ɗansa ne duniya da lahira. Aikin ba shi da wuya. Dakta ya tako gidanmu, tafiyar da ba ta kai a kunna mota ba, ya zauna, ya ce ɗana yana son ƙanwarka, na san shi, na tsaya masa. A kan wannan 'yar magana rayuwar mutum biyu ta rataya.

Dakta ya ce masha Allah, ya ce wannan ai abin farin ciki ne, ya ce bukra in sha Allah. Duk wanda ya zauna a ƙasar ya san bukra gobe ce da ba ta wayewa. Yau yana da fiɗa, gobe baƙi daga Jidda, jibi mura. Mutumin nan ya yi ta sintiri. Ya sayi goro a Batha da tsadarsa ya kai masa don kada a ce shi ya kawo cikas, goron ya bushe, ya sayi wani. Ni kuma a gida ina ta haɗiye tambayoyin matar Yaya.

Ranar da Dakta ya zo kuwa shi kaɗai ya zo, bayan sallar Juma'a, ba goro ba ɗan rakiya. Na kai musu gahawa na ajiye a bakin labule, na kuma tsaya, don ban ga dalilin komawa kicin ba alhali rayuwata ake tattaunawa. Ya fara da huɗuba a kan amana. Ya ce an ce ya zo ya yi shaida, shaida kuwa abu ne mai nauyi. Sannan ya sauke murya.

"Injiniya, tsakani da Allah, ni daga ranar da ya musulunta na san shi. Abin da ke bayan nan ban sani ba. Ban san gidansu ba, ban san asalinsa ba. Kuma irin waɗannan, ka sani, in sun koma gida sai a hankali. Ba zan so a ce ni na jefa ƙanwarka ba."

Yaya ya ce amma ai ɗanka ne, kai ka faɗa. Dakta ya yi 'yar dariya, ya ce ai wannan maganar ƙarfafa gwiwa ce, irin wadda ake yi wa sabon shiga. Shawararsa, in ji shi, a bari ya nemo masa wata tubabbiya irinsa, ko cikin 'yan Filifin ɗin asibiti, su dace da juna kowa ya huta. Ko wannan ɗin ma bai nema ba. Ya shanye gahawata ya ce ta yi daɗi.

Yaya dama neman inda zai jingina yake yi. Bayan magariba ya ce mini magana ta mutu, tunda uban yaron da kansa ya janye. Na ce masa mai shekara kusan arba'in ba yaro ba ne, wancan kuma ba uba ba ne. Ya ce in dai a gidansa nake, kuma ta hannunsa na shigo ƙasar, to haka za a yi. Ta wannan fuskar da gaskiyarsa, a Riyadh ba ni da ƙafa sai tasa. Washegari na tura jariri ɗakin hoto na faɗa wa mutumin duk abin da na ji, ban rage ko kalma ba. Ya saurara har na gama, ya murza hannuwansa, ya ɗauki hoton jaririn, ya ce ya gode.

Alhamis ta zo. Na so in ƙi zuwa, sai na ga in na zauna Dakta zai ɗauka kunyarsa nake ji. An yi baƙi, wasu likitoci da suka iso daga gida, Dakta kuwa ba ya ganin sabon kunne ya ƙyale. Tun kafin a sauke tuwo ya ɗauko labarin ɗalibin nan da halittarsa. Ya kai daidai wurin da ya fi so, inda halittar ta roƙi mai yin ta ya sama mata abokiyar zama, ya yi alkawari ya saɓa. Yana cikin cewa ku dubi rashin imani, sai aka yi sallama.

Na ɗaga gefen labule, abin da ban taɓa yi ba. Baban Dakta ne, ya shigo cikin riga da wando na aikinsa, ba jallabiya. Bai zauna wajen takalma ba. Ya taka har tsakiyar darduma, ya durƙusa ya ajiye littafin a gaban Dakta, da jallabiyar a ninke a ƙarƙashinsa, sannan ya miƙe.

"Dakta, na kawo maka kayanka. Ga littafi, na karanta, na gode. Musulunci ba naka ba ne, na Allah ne, shi na riƙe. Amma sunan naka ne." Sai ya kama sunan mahaifin Dakta gatsal a tsakiyar falonsa. "Ga shi nan na mayar. Ka ajiye wa wanda ka san asalinsa."

Dattijon nan da ya yi raɗin suna ya yi gyaran murya, ya ce a yi haƙuri, to in ka ajiye wannan da wane suna za mu kira ka? Ya ce da wanda iyayensa suka sa masa, ya tambayi malamai sun ce ba shi da aibu. Dattijo ya ce wane ke nan? Ya ce a tambayi Dakta, ai sun yi shekaru suna aiki tare kafin a canza masa.

Kowa ya juya ya dubi Dakta. Na ga bakinsa ya motsa. Ya gyara rawani a kafaɗar dama, ya gyara a ta hagu. Mutumin da ke da harsuna uku ya rasa kalma ɗaya a cikinsu. Sunan da ya bayar ba ya iya faɗa don kunya, wanda ya karɓe kuma bai taɓa riƙe shi ba. Shi kuwa ya jira daidai gwargwado, ya yi sallama, ya sa takalmansa ya fita.

Kada wani ya zaci Dakta ya ji kunya. Kafin a gama cin tuwo ya samo mafita. Abin da ya ɓata masa rai, in ji shi, rashin tarbiyya, a kama sunan mahaifinsa a gabansa, a gidansa. Ya ce dama ya faɗa, irin waɗannan sai a hankali. Aka ce gaskiya ne Dakta, aka miƙa kwano a ƙara miya. Littafin ya koma kan kanta, ba a kuma daɗe ba na ji ya sake ɗauko labarin ga wasu baƙin.

Mutumin bai sabunta kwantiraginsa ba. Ya karɓi bizar fita ba dawowa, ya koma Kaduna ya sami aiki a wani ƙaramin asibiti. Ni na ƙarasa nawa, na haɗa akwatina, na yi wa Yaya godiyar masauki. A gida na je wurin Baffa, ƙanin mahaifinmu, na faɗa masa komai. Ya aika aka bincika masa a unguwar da mutumin yake, ko yana salla, ko yana da sana'a, yaya yake da maƙwabta. Limamin unguwar, wanda bai musuluntar da shi ba, bai kuma yi masa alkawarin lahira ba, shi ya ɗauko goro ya zo. Yaya bai halarci ɗaurin auren ba, bai huce ba sai bayan haihuwata ta biyu. Mahaifin mijina kuwa har ya mutu bai buɗe masa ƙofa ba, wannan ciwo kuma aure bai warkar da shi ba.

Na ji Dakta ya yi ritaya, yana Kano, ana gayyatarsa taro yana ba da labarin wani bawan Allah da ya musulunta a hannunsa a Saudiyya. An ce in aka tambaye shi sunan mutumin sai ya sunkuyar da kai ya ce sunan mahaifinsa ne, ba ya iya faɗa, jama'a su yi ta yaba ladabinsa.

Sunan na gaskiya ni na san shi. A ɗakin hoto ya faɗa mini, ranar da ya yi mini sallama. Gajere ne, na kan duwatsu, mai daɗi a baki. Na maimaita shi a gabansa don ya ji cewa wani ya riƙe. Tun da aka ɗaura aure ban ƙara kama shi ba, ba kuma zan rubuta shi a nan ba, domin mace irin tawa ba ta kama sunan mijinta. Yanzu haka ina hango shi a tsakar gida, yana murza tafukansa kafin ya karɓi jikarmu.